Me ya sa kebul ɗin walda ke zabura idan na ɗosana sanda?

Maiwalda_Agege:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga masu ilimin lantarki. Shekarata 14 ina walda, tun ina yaron shago a Kano har na zo Agege na buɗe nawa. Akwai abin da na daɗe ina gani ban taɓa tambaya ba. Kebul biyun da ke fitowa daga injin, na holda mai riƙe sandar walda da na atin da ake maƙalawa a jikin ƙarfen aiki, idan suna kusa da juna, da zarar na ɗosana sanda a jikin ƙarfe sai in ga sun zabura, kowanne ya ja da baya daga ɗan'uwansa kamar an tsikari maciji. Idan sanda ta manne abin ya fi yawa. Jiya sabon yarona ya gani, ya yar da burushi ya yi waje, wai wuta ce ke yoyo. Na bi kebul ɗin kaf, babu inda roba ta fashe. Na rasa abin da zan ce masa, sai na ce haka injin yake. Don Allah me ke kawo wannan? Kuma da haɗari a ciki?

Ɗan_Mile12:
Wa alaikumussalam. Oga girgizar inji ce kawai. Inji na kaɗawa, kebul na bin sa. Kada ka wahalar da kanka.

Maiwalda_Agege:
Ɗan_Mile12, da girgiza ce ai kusa da injin za ta fi. Inda nake ganin zaburar ya kai taku huɗu daga injin, wajen da kebul ɗin suka sauko daga kan teburi suna lilo. Kuma ba rawa suke yi ba, buɗewa suke yi.

Direban_Apapa:
Wallahi na san wannan abin. Akwai lokacin da muka kwana uku a layin shiga tashar jirgin ruwa, batirina ya mutu murus. Wani ɗan'uwa ya matso da motarsa muka jona waya. Ina tsaye a ƙasa yarona ya murɗa makulli, sai na ga wayoyin nan biyu, ja da baƙa, sun yi tsalle sun rabu. Da ya saki makulli suka koma suka kwanta. Sau uku muna yi, sau uku suna yi. A nan babu wani inji mai girgiza, don motar ko tashi ba ta yi ba tukuna.

MalaminFiziks_Yaba:
Wa alaikumussalam Malam Maiwalda. Ka kwantar da hankalin yaronka, ba yoyo ba ne. Kuma labarin Direban_Apapa shi ne amsar Ɗan_Mile12.

Duk wayar da wuta ke gudana a cikinta, tana haifar da maganaɗisu a kewayenta. Ba a tsawonta yake tafiya ba, zagaye ta yake yi zobe-zobe, kamar awarwaro a hannun mace. Kusa da wayar yana da ƙarfi, kana nisa yana raguwa. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, duk wayar da ke ɗauke da wuta idan ta samu kanta a cikin maganaɗisu, sai ya tura ta gefe. Da wannan fanka ke juyawa, da shi kuma sitata ke tayar da motar Direba.

To haɗa biyun. Kebul ɗin holda ya yi nasa zoben, na atin yana kwance a ciki, sai a tura shi. Shi ma na atin ya yi nasa, na holda yana ciki, shi ma a tura shi. Ƙa'idar ita ce: idan wutar wayoyin biyu ta fuskanci waje guda, suna jan juna. Idan ɗaya tafiya take ɗaya dawowa, suna korar juna. Naka kuwa ɗaya ke kai wuta wajen aiki, ɗaya ke mayar da ita inji, shi ya sa kullum buɗewa suke yi ba haɗuwa ba.

Ɗalibar_SS3:
Malam ina wuni. Ni nan ne kaina ke ɗaurewa, kuma ga jarrabawa na tafe. An koya mana caji iri ɗaya suna korar juna, kan maganaɗisu iri ɗaya ma suna korar juna. To yaya wuta mai tafiya waje ɗaya za ta ja juna? Ba kuskure aka yi ba, Malam?

MalaminFiziks_Yaba:
Lafiya lau 'yata. Babu kuskure, kuma a nan ɗalibai da yawa ke zubar da maki. Maganar caji daban ce. Ita waya, ko wuta na gudana a cikinta, yawan caji mai ƙari da mai ragi daidai suke, don haka babu wani cajin da ya yi rara balle ya kori na maƙwabciya. Abin da ya rage shi ne motsin cajin, motsin ne ke kawo maganaɗisu.

Ki ɗauki biro biyu ki tsayar da su a kan takarda. Ki kama na farko da hannun dama, babban yatsa na kallon sama, wato inda wuta ta nufa. Yadda sauran yatsunki suka naɗe, haka zoben yake zagayawa. Ki zana shi. Ki yi wa na biyu haka. Yanzu ki dubi tsakaninsu: za ki ga kibiyar wannan ta nufi gaba, ta wancan ta nufi baya, suna kashe juna. Tsakiya ta yi sako-sako, ta waje kuwa da ƙarfinsa, sai wayoyin su faɗa tsakiya. Ki juya biro ɗaya kansa ƙasa ki sake zanawa, sai ki ga kibiyoyin tsakiya sun haɗu waje guda sun cunkushe, dole kowa ya matsa. Ki zana da hannunki sau biyu, ba za ki sake haddacewa ba.

Ɗalibar_SS3:
Na gode Malam, Allah ya ƙara basira. Na zana, ya fito.

Baban_Ummi:
Ni dai ban gamsu ba. Wayar dutsen guga ta gidana layif da nitiral a manne suke cikin roba ɗaya, ɗaya na kaiwa ɗaya na dawowa kamar yadda Malam ya ce. Shekara nawa ana guga, ban taɓa ganin ta motsa ba. Haka wayar hita. In maganar gaskiya ce ai da tuni ta tsage biyu.

Injiniya_Ikorodu:
Baban_Ummi, tambayarka ita ce mai kyau, don amsarta lissafi ne. Ƙarfin da ke kan kowace mita ɗaya ta waya ana samunsa haka: amfiyar waya ta farko, wato yawan wutar da ke bi ta cikinta, sau amfiyar ta biyu, sau 2 × 10⁻⁷, a raba da tazarar da ke tsakaninsu a mita. Amsa na fitowa da niyuton, kuma niyuton ɗaya kamar nauyin giram 100 ne.

Dutsen gugarka a ce yana jan amfiya 10, wayoyin na da tazarar milimita 3. 10 sau 10 ɗari ne. Idan ka ƙarasa za ka samu niyuton 0.007 a kan kowace mita, bai ma kai nauyin giram ɗaya ba. Robar da ta lulluɓe su ko a jikinta. Suna korar juna, amma korar sauro ce ga giwa.

Yanzu na Maiwalda: amfiya 200, tazara santimita 2. 200 sau 200 dubu 40 ne. Ya ba da niyuton 0.4, wajen giram 40 a kowace mita.

Abin lura shi ne amfiyar sau kanta ake yi. Ka ninka wuta sau 2, ƙarfi ya ninku sau 4. Ka ninka sau 10, ya ninku sau 100. Tazara kuwa ba sau kanta ake yi ba, ka ninka ta biyu ƙarfi ya ragu rabi.

Baban_Ummi:
To giram 40 ɗin ma ai bai kai nauyin ƙwai ba. Shi zai ɗaga kebul ɗin walda mai kauri haka?

Injiniya_Ikorodu:
Ba ɗagawa yake yi ba Alhaji, turawa gefe yake. Ai ya ce a inda suke lilo ne. Abin da ke rataye ko da ɗan yatsa ka taɓa shi zai kaɗa. Sannan lokacin da sanda ta manne babu abin da ya tare wuta sai ƙarfin injin, amfiya na haurawa. In ta kai 300, ƙarfin ya zama niyuton 0.9, ya fi ninki biyu. Kuma farat ɗaya yake zuwa, shi ya sa ido ke kama shi.

Ɗan_Gwangwan_Owode:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba ɗan boko ba ne amma sana'ata ƙarfe. Kullum da mayen ƙarfe a aljihuna, da shi nake tantance kaya. Baƙin ƙarfe yana kamawa, amma jan ƙarfe na cikin waya ko alminiyam wallahi ba ya kamawa ko kaɗan, da haka ma muke gane su. To kebul ɗin walda ai jan ƙarfe ne. Yaya maganaɗisu zai tura abin da ba ya kamawa?

MalaminFiziks_Yaba:
Kai, wannan tambaya ta fi ta 'yan ajina. Gaskiyarka, jan ƙarfe ba ruwansa da mayen ƙarfe. Ba shi ake turawa ba, wutar da ke bi ta cikinsa ake turawa, ita kuma ba ta da hanyar fita daga wayar, sai ta tafi da ita. Kamar akuya a cikin buhu: ka zunguri akuya, buhu ya motsa. Cire wutar, sai wayar ta koma jan ƙarfen da ka sani. Ai ka ji Direba ya ce ana sakin makulli suke kwantawa.

Ɗan_Gwangwan_Owode:
Akuya a buhu! Yanzu na gane. Allah ya saka.

Hajiya_IdiAraba:
Sannunku da ƙoƙari. Tunda ana maganar wayoyi na jan juna bari in kawo kukana. A layinmu duk lokacin da aka yi ruwa da iska, wayoyin saman falwaya sai su haɗu, ka ji tau! tartsatsi na zuba kan rumfunan mutane. Damina ta bara haka firizata ta ƙone, da kayan ƙanƙarata a ciki, jarina ke nan. Mun kai kuka wajen masu wuta har mun gaji. Ashe jan juna suke yi? In haka ne me ya sa ba a raba su nesa?

Injiniya_Ikorodu:
Allah ya mayar da alheri Hajiya. Amma wannan kam ba za mu ɗora wa maganaɗisu ba. A ce kowace waya na ɗauke da amfiya 200, tazara rabin mita, ƙarfin bai kai giram 2 a mita ba. Iskar hadari ta fi wannan nesa ba kusa ba. Abin da ke faruwa shi ne wayoyin sun saki, sun yi ciki, wata ta fi wata tsawo, falwaya ta karkace. Iska na kaɗa su kowace da nata lilon, sai su gamu.

Inda maganarmu ke shigowa shi ne bayan sun gamu. A wannan ƙiftawar ido wuta mai yawan gaske ke bi, ta tafi ta wannan ta dawo ta waccan, sai su yi wurgi da juna. Amfiya 5,000 a rabin mita ya kai niyuton 10, kilo guda a kowace mita, a tsawon waya daga falwaya zuwa falwaya. Sun buɗe da ƙarfi, sai su dawo da lilo su sake gamuwa. Shi ya sa sau da yawa ba tau ɗaya kike ji ba, sai biyu ko uku a jere kafin fiyus ya yanke.

Hajiya_IdiAraba:
Wallahi haka ne, sau uku take yi! To ni wa zai biya ni firizata?

Ɗan_Mile12:
Hajiya wannan lissafin ko Injiniya ba shi da shi.

MaiWayarin_Obalende:
Hajiya abin da za ku matsa a yi muku shi ne a ja wayoyin su miƙe, a sa musu abin raba tsakani. Kin ga irin sandunan roba ko katako da ake ɗaurawa a tsakiyar layi, aikinsu ke nan. Amma don Allah kada ku bari yaran unguwa su hau da kansu, ko an ɗauke wuta. Wani na iya tayar da janareto ya mayar da wuta kan layi.

Sannan in ƙara a kan maganar Injiniya, don ni na gani da idona. An taɓa kiran ogana wata masana'anta bayan an samu shot, wato wayoyin wuta sun haɗu kai tsaye, a babban akwatin rarraba wuta. Wani ne ya manta sifana a ciki. Da muka buɗe, sandunan jan ƙarfen nan masu faɗin tafin hannu, waɗanda sai ka sa su a bais kafin ka lanƙwasa, sun yi baka kamar an sa ƙafa an taka tsakaninsu. Abin da ke riƙe su ya farfashe. A lokacin na ɗauka zafi ne ya lanƙwasa su. Ogana ya ce in duba da kyau, inda ya narke daban, inda ya lanƙwashe daban, kuma duk waje suka buɗe.

Injiniya_Ikorodu:
Ogan naka ya san aiki. Amfiya 20,000 a tazarar santimita 10 niyuton 800 ne a kowace mita. Kilo 80 ke nan, kamar ƙato guda ya yi tsalle ya dira a kan sandar, kuma a farkon shot ɗin yana iya ninka haka. Wannan ne dalilin da ya sa ake ɗaure manyan kebul da maƙalai a jikin tiren da ake shimfiɗa su a kai, ba don kwalliya ba. Masu rage kuɗi su sa igiyar roba, ranar da aka samu shot sai kebul ya yi bulala.

Mai son ganin ɓangaren jan juna kuma, ya ɗaga kai idan ya bi ta ƙarƙashin manyan layukan wuta masu kilobolt 330 da ke fitowa daga tashar Egbin a nan Ikorodu. Za ka ga wayoyin biyu-biyu suke tafiya, da ɗan ƙarfe a tsakaninsu jefi-jefi. Su biyun layi ɗaya ne, wutarsu waje guda ta nufa, don haka jan juna suke yi. Ɗan ƙarfen ne ke hana iska ko wannan jan ya gwara su.

Ladan_Zango:
Salamu alaikum. Malam na Yaba, maganarka ta tuna min wani abu. Da aka sa mana sola a masallaci, an jera batura a lungun gaba. Wani baƙo ya zo ya ɗora wayarsa a kan akwatin baturan yana duba alƙibla, sai ya ce wai masallacinmu ya karkace. Har an fara ka-ce-na-ce. Da aka fita tsakar gida aka sake dubawa sai ta nuna daidai, gabas mai ɗan karkata arewa kamar yadda muka sani. Wannan zoben ne ya ruɗa ta?

MalaminFiziks_Yaba:
Wa alaikumussalam Malam Ladan. Zai iya zama shi, zai iya zama ƙarfen akwatin, wataƙila ma duka biyun. Kamfas da maganaɗisun ƙasa yake aiki, shi kuwa ba shi da wani ƙarfi. Waya mai amfiya 10 kacal, a tazarar santimita ɗaya, nata ya ninka na ƙasa sau da yawa. Kebul ɗin batirin inbata kuwa yana ɗaukar fiye da haka.

Kuma ka san da irin wannan aka gano abin tun farko. A 1820 wani malami ɗan ƙasar Denmak, Hans Orsted, ya lura allurar kamfas na juyawa idan ya jona batir a wayar da ke kusa da ita. Labari ya isa Paris a watan Satumba na shekarar, sai Andre-Mari Amper ya ce in waya na motsa maganaɗisu, to waya za ta motsa waya. Cikin 'yan makonni ya gwada ya nuna. Abin da Maiwalda ke gani a shagonsa shi ne gwajin Amper, sunansa ne kuma a kan amfiyar da muke ta ambata.

MaiWayarin_Obalende:
Malam amma ni na sha sa kamfas kusa da wayar wutar gida ban ga ya juya ba.

MalaminFiziks_Yaba:
Ba zai juya ba. Wutar batir hanya ɗaya take bi. Ta gida kuwa kai-komo take yi sau 50 a daƙiƙa, allura ba ta da saurin bin ta, kafin ta karkata dama an ja ta hagu. Ga shi kuma layif da nitiral na tare, zobensu na kashe juna daga waje.

Ɗalibar_SS3:
To Malam in wuta na kai-komo, ashe kebul ɗin Baba Maiwalda wani lokaci za su ja juna wani lokaci su kori juna?

MalaminFiziks_Yaba:
A'a, ki sake tunani. Idan ta juya a ɗaya, ta juya a ɗayan a lokaci guda. Kullum saɓanin juna suke, don haka kullum kora ce. Sai dai korar na hawa tana sauka sau 100 a daƙiƙa. In Maiwalda ya dafa kebul ɗin lokacin da yaronsa ke aiki zai ji yana ɗan zirr a tafinsa.

Ɗan_Mile12:
Ahaf! Ashe dai akwai girgiza. Na faɗa tun farko aka yi min ca. Kuma kukan taransifomar bakin kasuwa ma ai shi ne.

Injiniya_Ikorodu:
Ɗan_Mile12 ka ce girgizar inji ce ke bin kebul, wannan kuwa a jikin kebul ɗin ake haifar ta. Ba ɗaya ba ne. Kukan taransifoma kuma mafi yawansa daga ƙarfen cikinta ne, yana ɗan miƙewa yana komawa duk lokacin da maganaɗisu ya hau ya sauka, shi ma sau 100. Naɗin wayoyin na ƙara nasu idan lodi ya yi yawa. Rabin maki na ba ka.

Ɗan_Akoka_400L:
Duk abin da aka faɗa daidai ne amma ba a kai tushe ba. Ainihin maganaɗisu ba wani abu ne daban da ƙarfin caji ba, bayanin Ainstain na 1905 ne ya warware shi. In da za ka bi ilaktaron ɗin waya ta farko, wato ƙwayoyin caji mai ragi da ke gudana a cikinta, da irin saurinsu, za ka ga cajin ƙari na waya ta biyu na gudu baya, tazararsu ta ɗan tsuke, sai wayar ta zama kamar tana da rarar cajin ƙari, ta ja ka. Abin mamakin shi ne ilaktaron a waya ko milimita ɗaya ba sa cikawa a daƙiƙa, amma yawansu ya sa wannan 'yar tsukewar ta isa ta motsa kebul.

Direban_Apapa:
Ɗan jami'a ka sauko ƙasa muna nan. Mu akuya a buhu ta ishe mu.

Ɗan_Akoka_400L:
Haha, tuba nake Baba. Amma bari in ƙara ɗaya mai sauƙi. Lambar nan 2 × 10⁻⁷ da Injiniya ke ta amfani da ita, da ita aka ayyana amfiya kanta tun 1948: wutar da idan ta bi wayoyi biyu dogaye masu tazarar mita ɗaya za ta ba da wannan ƙarfin a kowace mita, ita ce amfiya ɗaya. Sai ranar 20 ga Mayu 2019 aka canza, aka koma ƙidayar cajin ilaktaron. Ɗalibar_SS3, littafinku wataƙila tsohuwar ma'anar ce a ciki.

Ɗalibar_SS3:
Ita ce kuwa. To wacce zan rubuta?

MalaminFiziks_Yaba:
Ki rubuta wadda ke cikin manhajarku, ki riƙe sabuwar a kanki. Lissafin bai canza ba.

Kuma tunda kin zana, ki gwada. Ki yanko takardar alminiyam irin ta naɗe abinci, siririya kamar faɗin yatsa, tsawon kamu huɗu. Ki rataye ta ta sauko ta koma sama, ɓangarorin biyu kusa da juna amma kada su taɓa. Ki taɓa bakunan biyu a babban batirin tocila na daƙiƙa ɗaya. Ki gaya mana abin da kika gani.

MaiWayarin_Obalende:
Batirin tocila kawai fa ƙanwata. Ban da batirin mota ko na inbata, ban da soket. Kuma ki taɓa ki saki, don batirin na ɗaukar zafi.

Maiwalda_Agege:
Jama'a na gode ƙwarai, yau na yi gwaji kafin mu fara aiki. Na raba kebul ɗin kamar taku ɗaya, na sa yaro ya ɗosana, ko motsi. Na matso da su har suna gogar juna, suka zabura. Shi da ya gudu jiya yau shi ke cewa a sake.

Sai wani abu kuma. Ragowar kebul ɗin holda da nake naɗewa in rataye a ƙusa, na lura idan ana aiki naɗin na ɗan matsewa, ba buɗewa ba. Kuma garin ƙarfen da ke zuba daga giranda ya taru a wajen ya yi layi-layi a ƙasa. Na daɗe ina share shi ban taɓa kawo komai ba.

MalaminFiziks_Yaba:
To ka ga ɗaya rabin ƙa'idar a shagonka. A cikin naɗi kowane zagaye wutarsa na bin hanyar da na kusa da shi ke bi, sai su ja juna. Garin ƙarfen kuwa zoben ne ya zana maka kansa.

Injiniya_Ikorodu:
Amma ka daina naɗe shi lokacin aiki, Oga. Naɗi na tara zafi, roba ta yi laushi, kuma yana rage wa sanda ƙarfi. Ka warware shi a ƙasa. Kada kuma ka rataya kebul a kafaɗa ko ka naɗa a hannu kamar yadda na ga wasu na yi. Shawarata ma ka haɗa na holda da na atin ka ɗaure su tare da tef jefi-jefi har zuwa kusa da wajen aiki, zobensu zai kashe juna, kai kuma kada ka tsaya a tsakaninsu.

MaiWayarin_Obalende:
Nan kam ban bi ka ba Injiniya. A takarda daidai ne, amma ka san kebul ɗin shagunanmu, duk faci ne da tef. Ka ɗaure biyu tare, ranar da roba ta goge a waje ɗaya sai su haɗu, ka samu shot a ƙarƙashin ƙafarka. Ni gara ya bar su a rabe inda idonsa ke ganin kowanne.

Injiniya_Ikorodu:
To ai maganin wannan a canza kebul ne, ba a raba su ba.

Maiwalda_Agege:
Injiniya ka je Alaba ka tambayi kuɗin mita ɗaya na mai kyau, sannan ka dawo mu yi maganar canzawa.

Ɗalibar_SS3:
Malam na gwada! Da farko bai yi komai ba, ashe batirin rediyon Baba ne ya yi sanyi. Na sayo sabo, ina taɓawa takardar ta buɗe kamar baki, ina saki ta koma. Ƙanena ya ce tsafi ne. Yanzu yaya zan yi in ga na jan junan?

MalaminFiziks_Yaba:
Madalla. Ki yanka biyu, ki rataye su gefe da gefe, ki haɗa kawunansu na sama waje ɗaya, na ƙasa ma waje ɗaya, sai ki kai sama ga kan batir, ƙasa ga gindinsa da wata waya da za ki bi da ita nesa. Sai dai yanzu wutar ta rabu biyu, kowace ta samu rabi. Ki lissafa min sau nawa ƙarfin zai ragu kafin ki gwada.

Baban_Ummi:
Ni ma zan sa Ummi ta gwada in gani da idona. Har yanzu giram 40 ɗin nan bai kwanta min ba.

Hajiya_IdiAraba:
MaiWayarin, sandunan raba wayar nan, mu za mu saya ko su masu wuta ne ke kawowa? Hadari na haɗuwa tun la'asar.